Ofishin lauyan da na je bayan kotu ta ba tsohon mijina yara

Mutane da yawa sun tambaye ni ya na ƙare da lauyan da na ɗauka, to ga shi. Ba zan faɗi sunan ofishin ba, a Kano yake dai, hawa na biyu, saman wani shagon fotokofi, matattakalar duhu sai ka kunna fitilar waya.

Yarana biyu, mace 'yar shekara 7 da namiji ɗan shekara 4. Bayan rabuwarmu suna hannuna kusan shekara biyu babansu ko sabulu sai na yi aike sau uku, ina yin aure kuwa sai ga sammaci, zama biyu kacal alƙali ya ce tunda na yi aure riƙo ya faɗi, a ba uba. Ban da lauya, ban san me zan ce ba, kuka kawai na yi aka wuce da su a adaidaita.

Kwana 19 da hukunci wata 'yar uwata ta kai ni wajen Baristan nan. Kuɗin ganinsa dubu 10, na biya sakatariya ta ba ni rasit. Ni na shiga ne da shirin in ji an ce kwantar da hankalinki za mu karɓo miki su, shi kuma abin da ya fara ce min shi ne, Hajiya ke kam a mazhabar Malikiyya riƙonki ya faɗi tun da mijin ya tare da ke kuma ba muharramin yaran ba ne, ko yau kika fito daga auren ba zai dawo miki ba, kar wani ya zuga ki ki kashe aurenki a banza. Wallahi ji na yi kamar in tashi in tafi. Sai ya tambaye ni, Umma tana raye? Na ce tana nan lafiyarta ƙalau. Ya jawo Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, daga kanta ya buɗe babin riƙon yara ya karanta min da Larabci ya fassara, cewa riƙo na uwa ne har namiji ya balaga, mace kuma har ta yi aure ta tare, in uwa ta rasu ko ta yi aure sai kaka, sannan ƙanwar uwa ko yayarta. Wato Ummata tana gaban babansu a layi, kuma ba wanda ya ko ambace ta a kotun farko. Ciyarwa kuma tana kan uba ko a ina yaran suke.

Ya ce kwana 30 ne wa'adin ɗaukaka ƙara, saura mana 11, in ya wuce sai an roƙi kotu ƙarin lokaci da dalili. Washegari ƙaramin lauyansa ya shigar da afil a Babbar Kotun Shari'a ya nemi kwafin shari'a. A nan kam sun burge ni.

Inda suka ban haushi waya ce. Ka kira sau biyar ba a ɗauka, WhatsApp a karanta a yi shiru. Akwai ranar da na ɗauko Umma da ciwon gwiwarta tun 8 na safe muna kan benci sai wajen 12 muka ji ashe an ɗage zama, kuma ofishin sun sani tun jiya. Na yi magana, sakatariyar ta ce a yi haƙuri Barista yana Abuja, shi ke nan. Kuɗin mota na kowane zama ma ba a faɗa min tun farko ba, sai da aka fara na ji dubu 5 duk fita, wanda in an tara ba ƙaramin abu ba ne ga mai sayar da atamfa a gida. Kuɗin aikin kansa dai ya yarda na biya kashi uku, ban taɓa jin ya matsa ba.

Wata biyar aka yi, kotun sama ta rushe hukuncin ta ce a sake shari'a a wata kotun a saurari kakar yara. Yanzu Umma ce mai nema, ni shaida ce kawai. Kafin a gama Barista ya roƙa aka ba ni ganinsu duk Juma'a daga la'asar zuwa magariba a gidan yayan babansu. Makon jiya na tarar da kan yarinyar tsohon kitson da na yi mata ne ya cukurkuɗe, a tabarma na zauna na tsefe shi.

Tauraro huɗu cikin biyar na ba su, ɗayan wayar ce ta cinye. In za ki je ki riƙe takardar saki, kwafin hukunci in kin samu, da rasit ɗin makaranta da na asibiti da kika biya, duk sai da ya tambaya. Zamanmu na gaba bayan salla ne, Umma ta ce ko da sanda za ta je.