Elmina ko Cape Coast, ga mai kwana ɗaya

Hajiya, kin ce biki zai kai ki Accra, kwana ɗaya kacal zai rage miki, kina tambayar wanne ya fi cancanta ki gani tsakanin Cape Coast da Elmina. Garuruwan maƙwabta ne a ƙasar Fanti, tsakaninsu kamar kilomita 13, daga Accra kuwa wajen awa uku ne a mota. Kowanne yana da katafaren ginin Turawa a bakin teku inda aka riƙa tsare bayi, kuma tun 1979 UNESCO ta sa gine-ginen cikin wuraren tarihi na duniya. Amma abin da ido zai gani ba ɗaya ba ne.

Ginin Elmina ne babba a shekaru. 'Yan Fotugal suka gina shi a 1482, zinariya ce ta kawo su, cinikin bayi daga baya ya mamaye. 'Yan Holan suka ƙwace shi a 1637, Ingila ta karɓa a 1872. Yadda aka yi ƙwacen nan shi ne abin sha'awa: akwai tudu yana fuskantar ginin, 'yan Holan suka hau da igwa suka yi ta luguden wuta daga sama har na ciki suka sallama. Da suka samu wurin sai suka gina sansanin St. Jago a kan tudun, don kada wani ya yi musu abin da suka yi wa wasu. Ki daure ki hau tudun nan ko gwiwa na ƙorafi. Daga can za ki hangi farin ginin, da teku, da bakin ruwan Benya cike maƙil da kwale-kwalen masunta masu fenti da tutoci. Duk gaɓar nan ban ga wurin da ya kai shi kyau ba. A cikin ginin kuma za a nuna miki inda Ingilishi suka tsare Sarkin Asante Prempeh na ɗaya a 1896. Sai dai ƙarnin kifi da hayaniya ba a magana, kuma ran Talata masunta ba sa fita teku, kasuwar kifin takan yi sanyi.

Na Cape Coast ya zo daga baya. 'Yan Suwidin suka fara shi a 1653, Ingila ta kama a 1664, nan ne hedikwatar mulkinta har 1877 da aka koma Accra. Wajen kyan gani bai kamo na Elmina ba, amma wajen fahimtar abin da ya faru ya fi shi. Yana da gidan tarihi a ciki, ga kurkukun maza a ƙarƙashin ƙasa, duhu ɗumɗum, a samansa kuma ɗakin da Turawan ke ibadarsu. Daga nan a bi da ke zuwa ƙofar da bayi ke fita zuwa jirgi, wadda in an fita ba dawowa. Nan Obama ya ziyarta da iyalinsa a 2009.

Garin kansa ya fi girma da sauƙin zama. Wajen kasuwar Kotokuraba akwai zango da masallaci, za ki ji Hausa, ki yi salla, ki ci wake da shinkafa hankali kwance. Dajin Kakum, mai gadojin igiya da aka rataya a saman bishiyoyi, yana arewa da garin kamar kilomita 30. Yara na son shi, amma mai jiri ta haƙura.

Direbobi za su ce miki a haɗa Cape Coast da Elmina da Kakum a rana ɗaya. Ana iyawa, ban dai ba ki shawarar ba. Shiga kurkuku biyu a jere yana da nauyi a zuciya, na biyun kuma gaji kawai za ki kwasa. In da yara kike, ki yi Kakum da safe, Cape Coast bayan azahar. In ke da manya ne, ki shiga ginin Cape Coast da hantsi, ki yi salla a Kotokuraba, da la'asar ki ƙarasa Elmina ki hau St. Jago, ba sai kin shiga ginin ba. Ki bar Accra da an idar da asuba, don cunkoson motoci a garin Kasoa da ke kan hanyar kaɗai kan iya cinye miki awa guda.