Sharhi: Telegram da Zaurukan Siyasa, Inda Na Zauna da Inda Na Fice

Na sauke Telegram ne a watan Yunin 2021, lokacin da gwamnatin Buhari ta dakatar da Twitter bayan kamfanin ya goge wani saƙon shugaban ƙasa da ya taɓo yaƙin basasa. Masu VPN, wato manhajar kauce wa toshewar intanet, suka ci gaba da harkarsu, jami'an gwamnati suka koma manhajar Koo ta Indiya, wadda ita ma ta rufe a 2024, mu kuma muka bazama neman wata majalisar. An ɗage haramcin a Janairun 2022, amma ban bar Telegram ba. A zaurukanta na bi zaɓen 2023, da dambarwar masarautar Kano, da zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024.

Ita kanta manhajar tana aikinta. Zaure ɗaya yana ɗaukar mutum 200,000, na WhatsApp kuwa iyakarsa 1,024. Kana iya ɓoye lambar wayarka, don haka wanda kuka yi sa-in-sa da shi a kan ɗan takara ba zai kira ka da tsakar dare ya zage ka ba. Akwai kuma tsarin da admin zai sa kowa ya jira wasu daƙiƙoƙi ko mintoci kafin ya sake turo saƙo, kuma wannan kaɗai yana rage wa sojojin baka ƙarfi, masu cika zaure da saƙo ashirin a jere don kada a ga na wani.

Abin da ya fi jan mutane shi ne ba kasafai kamfanin ke tsoma baki a muhawarar siyasa ba. Da yawa sun ɗauka ke nan babu mai toshe musu baki. Akwai shi, admin ne. Yana iya goge saƙonka, ya hana ka magana, ya kore ka, ya share duk abin da ka taɓa rubutawa a zauren da dannawa ɗaya. Yana ma iya ɓoye sunansa ya riƙa magana da sunan zauren. Kundin da ke nuna wa ya goge me, admin ne kaɗai ke ganinsa, kuma na awa 48 ne. A Facebook, duk ƙorafin da ake yi, idan kamfanin ya cire rubutunka akwai wurin ɗaukaka ƙara. A nan admin ne alƙali, shi ne ɗan sanda, shi ne kuma mai gidan.

Zauren da na fara ficewa daga cikinsa ya rubuta a samansa cewa na kowa da kowa ne, babu jam'iyya. Da zaɓe ya matso sai na riƙa ganin amsoshi suna lilo, mutum yana mayar da martani ga saƙon da babu shi. Da na lura sosai, duk abin da ke ɓacewa sukar ɗan takara ɗaya ne. Ɗaya ɓangaren kuwa ana zaginsu har iyaye, babu mai cewa uffan. Wani bawan Allah ya tambaya cikin ladabi wace doka aka karya, kafin la'asar babu shi babu tambayarsa. Da sun fito fili sun ce zauren magoya bayan wane ne, da ban ga laifinsu ba, kowa da gwaninsa. Yaudarar ce ta dame ni, domin sabon shiga zai karanta ya ɗauka ra'ayin jama'a ke nan, alhali an tace shi.

Akwai kuma waɗanda ke alfahari da cewa ba sa goge komai. Waɗannan na fi saurin gudunsu. A irinsu ne za a ɗauko tsohon bidiyon wata ƙasa a ce yanzu-yanzu ne a Jos ko Kudancin Kaduna, kafin a ankara an fara kiran ramuwar gayya. Masu hankali sukan yi shiru, sannan su zame ɗaya bayan ɗaya, a bar masu ihu. Ni a wurina wannan ma toshe baki ne, duk da babu wanda ya goge komai.

Kada kuma ɓoye lamba ya ruɗe ka. Hirar zaure a Telegram ba a kulle take daga mai aikawa zuwa mai karɓa ba kamar ta WhatsApp. A cikin hirarraki, hirar sirri ta musamman da ake kira Secret Chat, tsakanin mutum biyu, ce kawai ke da wannan kariyar. Bayan an kama mai kamfanin, Pavel Durov, a Faransa a Agustan 2024, kamfanin ya sanar cewa zai iya miƙa lambar waya da adireshin intanet na wanda ake zargi idan hukuma ta zo da buƙata ta shari'a. A Najeriya ma ba sai an je can ba. Hoton allo ɗaya ya isa, kuma an sha kama mutane da sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 saboda abin da suka rubuta.

Zauren da na zauna a ciki ba babba ba ne. Dokokinsa suna maƙale a sama, admin ɗin duk an san su, kuma da gani ba layin siyasarsu ɗaya ba. Idan suka goge abu sukan rubuta dalili a layi ɗaya. Gargaɗi ne farko, sai hana magana na kwana guda, kora sai abu ya ci tura. Ban yarda da su a kan hana saƙon murya ba, saboda dattawan da suka fi mu sanin siyasar NEPU da PRP ba su iya dogon rubutu a waya ba, kuma dokar ta sa sun yi shiru. Na faɗi haka a fili, an ƙi, amma saƙona yana nan ba a taɓa shi ba.

Yanzu kafin in ce uffan a sabon zaure, tarihinsa nake fara bi. Nakan koma wata rana mai zafi, misali 12 ga Janairun 2024 da Kotun Ƙoli ta tabbatar da Abba Kabir Yusuf a kujerar gwamnan Kano, in duba ko akwai murnar 'yan Kwankwasiyya da ɓacin ran 'yan Gandujiyya duka. Idan murya ɗaya ce kawai, ko an rufe tsoffin saƙonni ga sabon shiga, ko ba a san admin ba, ba na zama. Sannan ka shiga saitin sirri ka taƙaita waɗanda za su iya saka ka a zaure, ka kashe saukar bidiyo da kansa, in ba haka ba lokacin kamfe za ka wayi gari a zauruka goma da ba ka nema ba, datarka kuma ta ƙare.