Garmin inReach Mini 2 a sansanin farautar elk: guda ɗaya ba ta isar iyali

A tsaunukan jihar Kolorado ta Amurka, da zarar mota ta bar kwalta ta kama hanyar burji cikin dajin White River, sabis ɗin waya yakan ɗauke, kuma sau tari ba ya dawowa sai an sauko gari. A irin waɗannan wurare iyalai ke kafa tanti daga Satumba zuwa Nuwamba don farautar barewa da elk, ƙatuwar barewar nan mai ƙaho rassa-rassa wadda namijinta kan haura kilo 300. Dokar jihar ta halatta harbi ne daga rabin awa kafin fitowar rana zuwa rabin awa bayan faɗuwarta, shi ya sa maharbi ke barin tanti tun da duhun asuba. Yaron da ya kai shekara 12 kuma yake da lasisi yakan bi mahaifinsa. Ƙanana su zauna da uwarsu a sansani. Ke nan kullum gida yakan rabu biyu, tsauni a tsakani, ba mai jin ɗuriyar wani har dare. A kan wannan rabuwar ya kamata a auna inReach Mini 2, ƙaramar na'urar kamfanin Garmin mai aika saƙo ta tauraron ɗan adam.

Na'urar ta fito a 2022, a kan farashin kusan dala 400. Nauyinta giram 100 ne, girmanta bai wuce na sabulun wanka ba, da ɗan gajeren eriya a ka. Ba ruwanta da turakun sabis na ƙasa. Tana magana ne kai tsaye da taurarin ɗan adam na kamfanin Iridium, guda 66, masu kewaya duniya a tazarar kusan kilomita 780. Tana aika rubutaccen saƙo mai harafi 160 zuwa lambar waya ko imel ko wata inReach, tana kuma karɓar amsa. Kowane saƙo na iya tafiya da alamar inda mutum yake tsaye. Ba a kiran murya da ita, ba a tura hoto. Tana jure nutsewa a ruwa mai zurfin mita 1 na minti 30, don haka ruwan sama da dusar ƙanƙara ba abin damuwa ba ne.

Masu talla sun fi nuna maɓallin SOS na kiran ceto, amma a ganina babban amfaninta a farauta yana ga saƙonnin yau da kullum. Elk sun fi fitowa fili dab da magariba. Idan aka harbi namiji a wannan lokaci, fiɗa da rarraba shi gunduwa-gunduwa da rataye naman a jakunkunan yadi zai ci wa mutum ɗaya awa biyu zuwa uku a hasken tocilar goshi. Naman da za a cire daga ƙashi kan kusanci kilo 100, sai an yi sawu uku ko huɗu ana goyo kafin ya ƙare. Wanda ya ce zai dawo ƙarfe bakwai sai ya kai sha ɗaya. Uwar yara tana tanti, ba ta san ko sa'a aka yi ko ƙafa ce ta karye ba. Saƙo guda da ke cewa "na samu, zan yi dare, ga inda nake" shi ke hana ta loda yara a mota cikin duhu ta sauka neman sabis, ko ta tashi 'yan ceto a banza.

Sai dai saƙon nan ba zai same ta ba muddin wayar hannu kawai take riƙe da ita, tunda sansanin ma ba sabis. Nan iyalai da yawa ke kuskure: su sayi guda ɗaya, maigida ya rataya ya hau tsauni, saƙonsa ya tafi lafiya lau zuwa wayar ɗan'uwansa da ke birnin Denba, matarsa da ke kilomita biyar da shi ba ta ga komai ba. Kuma idan aka duba, haɗarin da ke sansani bai gaza na kan tsauni ba. Akwai murhun itace a cikin tanti, akwai gatari, akwai rafi kusa, ga ciwon tsauni da kan kama yara a sama da mita 2,500, ya fara da ciwon kai da amai da ƙin abinci. Iyalin da zai rabu biyu, na'ura biyu yake buƙata. In kuɗi bai kai ba, a yi hayar ta biyun ko a aro, kowacce da rajistarta ta biyan kuɗin wata.

Saƙo tsakanin inReach biyu yana da sharaɗin da ya kamata a sani tun daga gida. Kowace na'ura tana da adireshinta, sai an adana na juna a jerin sunaye kafin a fita. Sannan ba kamar waya take ba da saƙo ke faɗowa nan take. Bayan ta aika, takan saurari amsa na minti goma, daga nan sai sau ɗaya a awa take leƙawa da kanta, sai fa in an kunna mata aika alamar wuri a kai a kai, ko mutum ya danna duba saƙo da hannu. Mafita ita ce a tsayar da lokuta: misali da hantsi, da azahar, da faɗuwar rana, kowa ya fito fili ya duba. A kuma yi yarjejeniya a fili kan abin da za a yi idan aka ji shiru, awa nawa za a jira, wa za a sanar.

Aikawa kanta tana son sararin sama. A kan tudu ko a fili, saƙo kan fita cikin minti ɗaya zuwa biyu. A ƙasan kwazazzabo ko cikin duhuwar itatuwa, daidai wuraren da elk ke fakewa da rana, yana iya ɗaukar minti goma ko fiye, saboda taurarin tafiya suke, sai wani ya gifta ta gurbin da ke buɗe. Tana ta gwadawa, batir yana ta ƙarewa. Garmin da kansa ya ce batirin kan kai kwana 14 idan tana aika alamar inda mutum yake duk minti goma a buɗaɗɗen fili, amma a daji mai matsakaicin duhuwa sai ya koma kwana 4. Mafarauci ya yi lissafi da kwana 4 ɗin. A mayar da tazarar zuwa minti 30, a kashe ta da dare, a riƙe fawa bank da igiyar caji ta USB-C. Tana aiki har a sanyin digiri 20 ƙasa da sifili a ma'aunin Selsiyos, amma ba a yi mata caji in sanyi ya kai na daskarar da ruwa, don haka a bari ta ɗuma a aljihun ciki tukuna.

Wurin rataye ta ma abin lura ne. A maƙala ta a igiyar kafaɗar jaka, eriya sama. In an ajiye jaka za a yi sanɗa, a cire ta a sa a jiki. Wanda ya zame ya gangara, jakarsa tana can bisa dutse, bai da na'ura.

Rubutu a jikinta azaba ne. Allon ƙarami ne, baƙi da fari, harafi ɗaya-ɗaya ake zaɓa da maɓallan gefe, da yatsun da sanyi ya ƙandarar. Shi ya sa ake haɗa ta da waya ta Bluetooth, a yi rubutu a manhajar Garmin Messenger ko Explore, wayar a yanayin jirgi don kada batirinta ya zube wajen neman sabis. Akwai kuma shiryayyun saƙonni uku na sanar da lafiya, danni biyu-uku sun tafi, amma waɗanda za su karɓa sai an tsara su a intanet tun a gida. Taswira babu a allonta, sai layin hanyar da aka bi. Wannan layin dai ya isa ya mayar da mutum inda ya fito ta TracBack, wato tsarin bin sawu a koma baya, kuma tana adana alamar wurin da aka rataye nama don a dawo gare shi da safe. Don sanin iyakar filin gwamnati da na masu zaman kansu, sai an nemi wata manhajar taswira daban.

Maɓallin SOS yana gefe, ƙarƙashin murfi, don kada a danna bisa kuskure. A ɗaga murfin, a danne har ƙidaya ta ƙare. Kiran yana zuwa cibiyar Garmin Response da ke jihar Tekzas, mai aiki dare da rana, su kuma su tuntuɓi hukumar yankin, wadda a Kolorado ofishin sherif ne, wato shugaban 'yan sandan gunduma, da 'yan ceto na sa-kai. A minti goman farko tana aika alamar inda mutum yake kowane minti, bayan nan duk minti goma. Fifikonta a kan na'urorin da ke aika kiran ceto kawai shi ne ana iya yin bayani: wa ya ji rauni, shekarunsa nawa, jini ne ko numfashi. Duk yaron da ya iya karatu a nuna masa murfin nan da hannu, a ce masa bayan ya danna ya zauna a fili kada ya gusa. A kuma cike sunayen mutanen da za a kira da bayanin lafiya, kamar asma, a shafin rajista. Ceto a tsauni awanni yake ɗauka, jirgi mai saukar ungulu ba ya tashi a guguwa, don haka jakar taimakon farko da abin ɗaure jijiya suna nan a matsayinsu. 'Yan ceton Kolorado ba sa karɓar kuɗi, amma jirgin asibiti yana turo takardar biya.

Ba ta aiki sai da biyan kuɗin wata, har SOS ɗin. Tsarin da aka fitar a 2024 ya zo da na kusan dala 15 mai saƙo 50, ban da kuɗin buɗe rajista, kuma amsoshin da suka shigo su ma cikin lissafi suke. A gargaɗi dangi kada su mayar da ita wurin hira. A jihar Montana kuwa doka ta hana amfani da na'urar sadarwa wajen nuna wa abokin farauta inda dabba take, sai don tsaron lafiya da makamantansa.

Wayoyin iPhone daga 14 zuwa sama suna aika saƙo ta tauraron ɗan adam, kuma ga mai yini ɗaya kusa da mota hakan zai wadatar. Amma sai an riƙe wayar ana bin tauraro da ita, ga shi ita ce taswira, ita ce kyamara, ita yara ke kallo a tanti, kafin la'asar batir ya yi ƙasa. Ga sansanin mako guda, inReach ta fi cancantar dogaro. Kafin a loda mota, a fita tsakar gida da na'urorin biyu, a aika saƙo daga wannan zuwa waccan, a jira amsa ta shigo, domin rajistar da ba ta kammala ba sai da intanet ake gyara ta.