Masauki a Jidda: Balad, Bakin Teku ko Kusa da Filin Jirgi?

Yawancin masu zuwa Umara ratsa Jidda kawai suke yi, su sauka daga jirgi su nufi Makka, amma akwai masu ware kwana biyu ko uku a birnin kafin komawa gida domin sayen tsaraba da shan iskar teku. Duk wanda ya ƙudurta haka, unguwar da zai sauka ta fi darajar otal ɗin muhimmanci. Jidda doguwa ce ƙwarai, ta miƙe a gefen Bahar Maliya daga kudu zuwa arewa, ba ta da jirgin ƙasa na cikin gari, zafi da laimar teku kuwa ba sa barin mutum ya yi doguwar tafiya a ƙafa da rana. Saboda haka ɗakin da aka samu da araha a nesa da inda ake son zuwa, sau da yawa kuɗin tasi ne ke cinye rangwamen da aka yi murnar samu.

Ya kamata kuma a san cewa harkar garin ta yamma ce. Kasuwanni ba sa cika sai bayan la'asar, iyalai ba sa fitowa bakin ruwa sai rana ta yi sanyi, kuma akan kai tsakar dare ana hada-hada. Ranar Juma'a kuwa yawancin shaguna ba sa buɗewa sai an sauko daga masallaci. Don haka abin dubawa shi ne inda mutum yake so ya kasance daga magariba zuwa dare.

Wanda sayayya ta kawo shi, Balad ce wurinsa. Ita ce tsohon gari, mashigar alhazai ta teku tun zamanin Halifa Usman bin Affan, kuma a 2014 hukumar UNESCO ta sanya ta cikin wuraren tarihi na duniya. Gidajenta dogaye ne, an gina su da duwatsun murjani da aka ciro daga teku, tagoginsu na katako ne da aka sassaƙa suka turo kan hanya, ta yadda iska ke shiga ba tare da na waje ya hangi na ciki ba. A nan Gidan Nasif yake, inda Sarki Abdul'aziz ya sauka bayan ya karɓi birnin a 1925, ga kuma tsohon Masallacin Shafi'i a kusa. A Kasuwar Alawi da kewayen Ƙofar Makka ana samun dabino da turaren wuta da jallabiya da abaya da darduma da carbi, kuma ana tayi, saɓanin manyan kantunan zamani inda farashi a rubuce yake. Mai shago zai zaro abaya daga leda ya warware ta, ya faɗi kuɗin guda ɗaya, amma da zarar an ce dozin ake so sai magana ta sauya. Amfanin sauka a nan ko a Bagdadiyya da ke maƙwabtaka shi ne mutum ya sayi kaya ya kai ɗaki a ƙafa, ya huta, ya sake fitowa. Matsalar ita ce otal-otal da dama na wannan yanki sun tsufa, akwai cunkoso da hayaniya, kuma mota ba ta shiga lungunan ciki, abin da zai wahalar da dattijo ko mai ciwon ƙafa. Kafin a biya, a hau a ga ɗakin, a kunna na'urar sanyaya ɗaki a ji ƙarfinta, a buɗe famfo.

Akwai gargaɗi ga mai bin kwatancen wanda ya daɗe bai je ba. Daga ƙarshen 2021 hukumomi sun rushe unguwanni da dama a kudanci da tsakiyar birnin, ciki har da Karantina da Gulail da Sabil, inda 'yan Afirka masu yawa, har da Hausawa, suka daɗe da zama. Masaukin da aka sani a can shekarun baya, mai yiwuwa yanzu fili ne.

Mai tafe da iyali zai fi jin daɗin bakin teku, wato Kurnish, sai dai shi ma kashi biyu ne. Ɓangaren Hamra yana tsakiya, bai yi nisa da Balad ba, kuma daga nan ake kallon maɓuɓɓugar Sarki Fahad, wadda aka buɗe a 1985, ruwanta na tashi sama da mita 260, da dare kuma a haske shi da fitilu. Ɓangaren arewa ya fi sabunta, domin a 2017 aka buɗe sabon filin shaƙatawa mai hanyar tafiya da wuraren wasan yara, can kuma ake samun gidan kifaye na Fakieh da Masallacin Rahma da aka gina a kan ginshiƙai cikin ruwa. Fita a nan ba ta da tsada, domin mutanen gari tabarma ko darduma kawai suke shimfiɗawa a kan ciyawa, da shayi a filas da ɗan abin taɓawa, yara na guje-guje. Ɗakin ne ke da tsada, musamman wanda tagarsa ke kallon ruwa, kuma farashi kan ƙara hawa daren Alhamis da Juma'a. A ganina biyan kuɗin kallon teku daga taga asara ce ga wanda zai yini a kasuwa, domin otal ɗin da ke layi biyu ko uku a baya zai kai shi bakin ruwan cikin 'yan mintuna. Hamra ce ta fi dacewa da wanda yake son kasuwa da teku a tafiya guda.

Sauka kusa da filin jirgin Sarki Abdul'aziz, wanda ke kimanin kilomita 20 arewa da tsohon gari, na mai kwana ɗaya ne ko wanda jirginsa zai tashi da asuba. Manyan kantuna irin su Mall of Arabia da Red Sea Mall suna wannan yanki, da sanyi da wurin cin abinci, amma babu tayi. Ubhur kuwa, unguwar bakin ruwa da ke can arewacin birnin, inda ake hayar kwale-kwale da gidajen hutu, ta yi nisa ga mai gajeren lokaci, kuma yawancin bakin ruwanta na masu zaman kansu ne, sai an biya ake shiga.

Bayan unguwa sai nau'in ɗaki. Mutum huɗu ko biyar da ke tafiya tare za su fi cin riba idan suka kama gidan haya mai kayan ɗaki, wanda ake biya kwana-kwana, mai falo da ɗan kicin, maimakon ɗakunan otal biyu. Da irin wannan gida ne za a iya sayo ɗanyen kifi da safe daga babbar kasuwar kifi da ke kusa da tashar jiragen ruwa, ko a bayar a gasa a can a taho da shi. Abin da za a rasa shi ne karin kumallo da sharar kullum. Kowanne aka zaɓa, a tambaya ko farashin ya haɗa da harajin kashi 15 cikin 100 da ake ɗorawa tun 2020, don kada lissafi ya canza a wurin biya.

Jirgin ƙasa na Haramain, da ya fara aiki a 2018, yana tsayawa wuri biyu a Jidda. Mai zuwa Balad ko Hamra daga Makka ko Madina ya yanki tikitin tashar Sulaimaniyya, wanda zai sauka a arewa kuma ya zaɓi ta filin jirgi. Jirgin yana ƙayyade yawan kaya da nauyinsu, don haka ya fi kyau a bar babbar sayayya sai an iso Jidda, mai tulin akwatuna kuwa mota ce ta fi masa. Ranar tafiya a duba tikiti a tabbatar da tashar da jirgin sama zai tashi, domin sabuwar tasha ta ɗaya da ta arewa da ta alhazai ba a wuri ɗaya suke ba, kuma direban tasi zai tambaya tun kafin ya tayar da mota.