Taswirar iyali da ake aiki a kanta

Wata shida ke nan da aka sauya mana tsarin aiki a ofis, inda nake kula da asusun 'yan kasuwa. Manhajar kamfanin Salesforce muke amfani da ita, ɓangarenta na harkar kuɗi wato Financial Services Cloud. A ciki akwai allon da ake kira ARC, mai zana mutum da duk wanda ke rataye da shi: maigida a tsakiya, matansa, 'ya'yansa, shagonsa, abokin cinikinsa, kowa da akwatinsa, layi ya haɗa su.

Da can kallo kawai nake yi wa wannan zane. Alhaji zai zo a buɗe wa babban ɗansa asusu, ga yaron ina gani a taswira, amma sai na rufe ta, na tafi wani shafi, na sake rubuta abin da manhajar ta riga ta sani. Yanzu mai saita mana ita ya ɗaura matakan aiki a jikin kowane akwati, da Flow da kuma OmniScript, wato kayan aikin Salesforce na tsara matakan aiki. Ina danna kan yaron, tambayoyi su riƙa zuwa bi da bi. Adireshin gida ya taso daga na uban. NIN da BVN kuwa, in lambobin ba su cika 11 ba, ba za ka wuce gaba ba.

Ranar da na fi ganin amfaninsa ita ce da wani tsohon abokin hulɗarmu ya rasu, Allah ya jiƙansa. Iyalansa suka zo, zuciya ba daɗi. Ban tsare su da tambayar wane ne wane ba, duk suna gabana a allo, matakan suka bi da ni takarda bayan takarda har muka gama.

Kuskuren da muka yi da farko namu ne: mun cusa maɓallai tara a akwati guda, sababbin ma'aikata suka rikice. Muka rage su zuwa uku. Sai kuma gyaran bayanai, don in aure ya mutu ba a sabunta ba, matar tana nan a zanen, matakan kuma za su ɗauke ta a matsayin 'yar gida. Saboda haka duk Juma'a da safe nakan zauna in bi gidajen da ke hannuna ɗaya bayan ɗaya.