Jinga ko kuɗin wuni: wanne ya fi riƙe masu tsinkar inabi?

Malam, ka ce kana da 'yar gonar inabi a gefen Dadin Kowa, bara 'yan ƙodago suka watse maka ana tsakiyar tsinka, kana tambaya ko ka koma jinga. Ga yadda nake ganin su biyun.

Jinga tana jawo mutane da wuri, musamman samari masu jini a jika da 'yan ci-rani da ke neman na komawa gida. Kwando kaza, kuɗi kaza, ba sai ka tsaya a kansu ba. To amma inabi ba masara ba ne. Mai gaggawa zai fizgo nonon inabin ya murƙushe 'ya'yan, ya tsallake wanda ya ɓuya a bayan ganye, ya danna kwando har na ƙasa ya fara tsiyaya. Kafin mota ta shiga Gombe, ƙudaje sun riga dillali. Kuma ranar da ya ji maƙwabcinka ya ɗora wani abu a kan kuɗin kwando, da safe sai dai ka ga wurinsa.

Mai kuɗin wuni hannunsa ya fi natsuwa, sai dai kana juya baya aiki ya kwanta. Dole ka sa amintacce a cikinsu, mai almakashi a hannu, ba mai zama a inuwa ba.

A yankin Shamfen na Faransa, doka ce sai da hannu za a tsinki inabi, shi ya sa duk kaka suke neman mutum sama da 100,000 don aikin 'yan makonni. Su ma suna biya da awa, suna biya da kilo. A 2023 wasu masu tsinka sun rasu a can cikin tsananin zafi. Ka dai san ranar Gombe a watan Maris, kuma ɗan jinga ba ya son ajiye kwando ya sha ruwa.

Da ni ne, tsinka da datse rassa na bar su a kuɗin wuni, lodi da cire ciyawa na ba da jinga. A fara bayan asuba, a tashi kafin azahar, da randar ruwa a bakin layi. Ka sallami kowa a ranar, kada ka ce sai an sayar. Goro kuwa ka faɗe shi tun farko, amma sai ranar ƙarshe, ga wanda bai yi fashi ba. Masu hannu mai kyau ka karɓi lambarsu, baɗi ka kira su tun inabi bai nuna ba.