Sabis cike, intanet shiru: wata uku a kan layin saka kati

Ranar da na saka layin nan a wayata, sandunan sabis suka cika fal a saman allo. Kira na shiga, saƙo na fita, amma intanet ko ƙyallinsa. Na sayi ƙunshin data, saƙon tabbatarwa ya shigo, na buɗe shafi, sai 'yar da'irar nan ta yi ta juyi kamar ba ta san gajiya ba. Yau wata uku ke nan ina kan layin, na sayi ƙunshi sau huɗu (zan zo kan dalilin da ya sa huɗu ne ba uku ba), saboda haka ina ganin na isa in faɗi abin da idona ya gani.

Da can a tsarin biya a ƙarshen wata nake, inda sai takardar kuɗi ta zo mutum yake sanin ɓarnar da ya yi. Abin da ya ja ni zuwa tsarin biya kafin amfani shi ne ba yarjejeniya, ba wanda zai ɗaure ni shekara guda, in na ga dama in saya, in ban ga dama ba in bari. Wayar kuwa Android ce ta hannu, mai layi biyu, wadda aka ƙera don kasuwar wata ƙasa daban. Ku riƙe wannan, don ya yi tasiri daga baya.

Farkon abin da ya zo mini a rai shi ne ko wayar a kulle take ga wani kamfani. Ba haka ba ne. Wayar da aka kulle ba ta ma karɓar baƙon layi, lambar buɗewa za ta nema tun daga farko. Tunda ina kira ana ji na, matsalar tana wani wuri.

Na kira masu kula da abokan hulɗa na kamfanin. Bayan dogon jira da kiɗan da ya kusa sa ni barci, wata baiwar Allah ta ɗauka.

"Yallabai, ka kashe wayar ka sake kunnawa."

"Na yi, sau uku ma."

"To za mu turo maka saiti ta saƙo, ka ba shi awa 24."

Ladabi kam tana da shi, ba zan ci haƙƙinta ba. Sai dai saƙon saitin har yau da nake wannan rubutu bai iso ba.

Wanda ya warware mini ita ɗan yayata ne, yaron da ban taɓa ɗaukarsa da muhimmanci a kan komai ba sai wasan ƙwallo na waya. Ya ce, "Kawu, kawo in gani." Ya shiga saituna, ya gangara wajen hanyar sadarwar layi, ya buɗe wani wuri da ban taɓa sanin yana nan ba, mai suna APN. Wannan shi ne sunan mashigar da waya ke bi ta fita zuwa intanet a kan hanyar kamfani. Kira da saƙo ba su buƙatarsa, shi ya sa suke aiki lafiya, amma data ba ta motsi sai da shi. In sunan bai yi daidai ba, tamkar ka je gidan da ya dace ne ka tsaya kana ƙwanƙwasa bangon baya.

Abin da na fahimta daga baya, wanda ya kamata a ce kamfanin ne ya gaya mini, shi ne wannan. Yawancin wayoyin yanzu da kansu suke cika APN. Suna karanta lambobi biyu daga layin, MCC mai lamba 3 da ke nuna ƙasa, da MNC mai lamba 2 ko 3 da ke nuna kamfani, sai su duba jerin da ke cikinsu su zaɓi saitin da ya dace. To amma kamfanin da na sayi layinsa ƙarami ne, ba shi da turakun sabis na kansa, haya yake yi a kan na wani babba. Sau da yawa irin waɗannan lambobinsu ɗaya ne da na mai gidan hayar. Wayata ta ga lambobin, ta ɗauka ni abokin hulɗar babban kamfanin ne, ta saka mini mashigarsa, mashigar kuma ta ce ba ta san ni ba.

Gyaran bai kai minti biyar ba. Yaron ya ƙara sabon APN. A gurbin suna ya rubuta abin da ya ga dama, don wannan lakabi ne kawai. A gurbin APN ɗin kansa ya kwafi kalmar da ke jikin takardar da layin ya zo a ciki, can ƙasa, da rubutu ƙanana kamar ƙafar tururuwa. Nan ne ba a son kuskure ko na harafi ɗaya, ko tazara a ƙarshe. MCC da MNC bai taɓa su ba. A gurbin nau'i ya rubuta default,supl ba tare da tazara bayan waƙafin ba. Karo na farko ya danna komawa baya bai adana ba, duk aikin ya bi ruwa, ya yi tsaki ya sake. Adanawar tana ɓoye ne a ƙarƙashin ɗigo ukun nan na kusurwar sama. Bayan an adana kuma sai an taɓa ɗan zagayen da ke gefen sabon don a zaɓe shi, in ba haka ba waya na nan kan tsohon. Ya kunna yanayin jirgin sama, ya ƙirga goma, ya kashe. Sai ga 4G ya bayyana da 'yan kibiyoyinsa biyu, saƙonnin kwana biyu suka yi ta kwararowa har wayar ta ɗumama.

Masu iPhone nasu ya ɗan bambanta. Saitin kamfani yakan zo musu a dunƙule, wani lokaci ma gurbin APN ɗin a ɓoye yake, sai dai su sabunta saitin kamfanin daga sashen bayanin waya.

Na ɗauka an gama. Ashe intanet daban, manhajoji daban.

Manhajar hira ta ƙi buɗewa, tana cewa kwanan watan wayata ba daidai ba ne. Gaskiyarta. Wayar ta daɗe a ajiye batir a mace, agogonta ya koma wata shekara ta baya. Yawancin amintacciyar hulɗa a intanet tana dogara ne da takardun shaida masu ranar farawa da ranar ƙarewa, in agogon waya ya kauce, sai ta ga kamar takardun na jabu ne ta ƙi yarda da su. Na mayar da lokaci ya riƙa saita kansa daga hanyar sadarwa, shi ke nan. Lambar tabbatarwa mai lamba 6 da WhatsApp ke turowa kuwa ta saƙon waya take zuwa, ba ta data ba, saboda haka layin da ka rubuta lambarsa dole ya kasance a raye yana karɓar saƙo. Sai kuma wata 'yar wauta tawa: da na mayar da tsohon layina gurbi na biyu, wayar ta mayar da data kansa, ni kuma ina ta zagin sabon.

Ƙunshin farko na 10GB ne, na yi lissafin zai kai ni ƙarshen wa'adi da saura. Kwana 9 ya yi. Na harzuƙa, har na fara tsara kalaman da zan faɗa wa kamfanin a kan sata. Allah ya sa kafin in kira na leƙa sashen da waya ke nuna abin da kowace manhaja ta ci. Fiye da rabi ya tafi ne wajen ɗora hotuna da bidiyoyina a ma'ajiyar intanet. Ni da hannuna na ba da izinin a riƙa yin haka a kan data, tun lokacin da nake tsarin da ba na lissafi, kuma izinin ya biyo asusuna zuwa wannan wayar. Haka ma sabunta manhajoji, na bar shi a kan kowace irin hanya. Ragowar bidiyo ne ya lashe, don in sabis ya yi ƙarfi manhajojin bidiyo da kansu suke ɗaga ingancin hoto. Netflix da bakinsu sun ce kallo a HD na iya cin har 3GB a awa ɗaya. Laifin ɓarawo a nan, in akwai, nawa ne.

Daga nan na zauna na yi wa wayar garambawul na yamma guda. Ɗora hotuna da sabunta manhajoji, sai a kan Wi-Fi. Saukar da bidiyo da sauti kai tsaye a rukunonin hira, na kashe. Wanda nake so in gani na taɓa da kaina. Ingancin bidiyo na tsayar da shi a 480p, wanda a kan allon waya ido ba ya wani kuka da shi. Na kunna mai tsimin data, wanda Android ta zo da shi tun siga ta 7.0 a 2016, iPhone kuma ta samu makamancinsa da iOS 13 a 2019. Amma a yi hattara da shi: yana hana manhajoji jan data in ba a buɗe suke ba, saboda haka sai na fara ganin imel da wasu sanarwa suna makara. Dole na koma na ware manhajoji uku da na ba su izinin aiki ba takura. A ƙarshe na saita wa wayar gargaɗi da iyaka, na kuma daidaita ranar fara lissafinta da ranar da nake sayen ƙunshi, don in ba haka ba ita daga 1 ga wata take ƙirgawa, lissafinku ba zai taɓa haɗuwa ba. Tun daga nan 10GB ɗin nan na kai ni ƙarshe.

Yanzu ga inda kamfanin ke da laifi na gaske, kuma ba zan sassauta ba. Ranar da ƙunshin farko ya ƙare, intanet bai tsaya ba. Shiru-shiru aka koma cirewa daga kuɗin kiran da ke cikin layin, a farashin da ya ninka na ƙunshi nesa ba kusa ba. Saƙon gargaɗin cewa datata ta kusa ƙarewa ya iso ne bayan an gama kwashe kuɗin tas. Akwai lambar da ake dannawa a hana hakan, amma sai da na tona na gano ta. Me zai hana a rufe ƙofar tun farko, wanda ke so ya buɗe da kansa? Na san amsar, ku ma kun sani.

Na biyu, abin da suke kira ƙunshin wata, kwana 28 ne. Wannan, da ƙunshin farkon da ya ƙare a kwana 9, su ne dalilin saye huɗu a wata uku. Kwana 28 sau 13 shi ne 364, wato a shekara sau 13 za ka biya, ba 12 ba. An rubuta a sharuɗɗa, ba a ɓoye ba, amma kalmar wata ce aka rubuta da manyan baƙaƙe. Ragowar data kuma ba ta bin ka sai ka sabunta kafin wa'adi ya cika. Ka makara da awa ɗaya, ta tafi.

Ta fannin gudu ba ni da ƙorafi mai yawa. A waje 4G ne tsaf, kiran bidiyo ba ya yankewa. Wani abu da ya daɗe yana ruɗa ni shi ne Mbps da ake tallatawa ba MB ba ne, sai ka raba da 8: gudun 16Mbps na nufin kusan 2MB a daƙiƙa. A cikin ɗaki ne abin ke sauyawa, alamar ta koma H+, wato 3G, wani lokaci a ƙuryar ɗaki har E, wanda 2G ne, ko hoto ɗaya sai ka yi ta jira. Na so in ɗora wa kamfanin wannan ma, sai na duba bayanan wayar. Zangon 4G mai ƙananan mita, irin 700 da 800MHz, shi ne ya fi ratsa bango ya kuma yi nisa, wayata kuwa da yake ta wata kasuwa ce ba ta kama wanda ake amfani da shi a inda nake. Wayar ɗan yayan nawa, a kan layin kamfani ɗaya, a kujera ɗaya, 4G take nunawa. Duk mai shirin sayen waya ta hannu, ya dubi lambar samfurinta da zangunan da take kamawa kafin ya dubi kyamara.

Akwai kuma 'yan ƙananan abubuwa da na saba da su. In kira ya shigo, wayar kan sauka daga 4G, saboda VoLTE, wato kira a kan 4G, bai kunnu a kanta ba. In kuma ina magana a layi na biyu, datar na farko tsayawa take cik sai na ajiye. Wannan halin yawancin wayoyi masu layi biyu ne, ba na kamfani ba.

Shin zan ba wani shawarar ya shiga? Wanda ba ya tsoron shiga saituna, ko yake da yaro a gida da ba ya tsoro, eh, ya shiga. Sanin abin da ka kashe tun kafin ka kashe shi kwanciyar hankali ne da ban samu a tsohon tsarin ba. Amma dattijon da ke son ya saka layi komai ya kama aiki, ko wanda sana'arsa ba ta jure yankewar yini biyu, zan ce ya tabbata an saita masa komai a gabansa, ya buɗe shafi ya gani da idonsa kafin ya tashi.

Abu ɗaya ya rage mini har yanzu, raba intanet zuwa kwamfuta. Kwamfutar na haɗuwa da wayar, amma shafi ba ya buɗewa. Yaron ya ƙara kalmar dun a gurbin nau'in APN, wanda a wasu layukan shi ke buɗe hanyar, bai yi ba. Da na koma takardar sharuɗɗan da gilashina, sai na ga a layi na kusa da ƙarshe cewa ƙunshin da nake saya na waya ne kaɗai, rabawa sai a wanda ke sama da shi. Na sake kiran su in ji ko akwai wata hanya. An ce za a turo mini saiti ta saƙo.